Darasi na Tara: Sauka da Motar Gida a Sansanin Wurin Shaƙatawa

A Amurka akwai wata irin mota da ake kwana a cikinta. Tana da gado, da murhun gas, da firji, da banɗaki, da tankin ruwa. A wannan darasi za mu kira ta motar gida. Wasu iyalai sukan saya, wasu kuma sukan ɗauki haya na mako ɗaya ko biyu idan yara sun samu hutun makaranta. Wurin da ake ajiye irin waɗannan motoci a kwana shi ne sansani.

Za mu ɗauki sansani guda mu duba shi da kyau. Sunansa Fort Wilderness, yana cikin Walt Disney World, wani katafaren wurin shaƙatawa mai filayen wasa na nishaɗi, kusa da birnin Orlando a jihar Fulorida. An buɗe shi a watan Nuwamba na 1971. Faɗinsa ya kai wajen eka 750, daji ne na dogayen itatuwa a bakin wani tafki da ake kira Bay Lake, kuma yana da wuraren ajiye mota da kafa tanti kusan 800. An raba su unguwa-unguwa, kowace da lambarta: unguwa ta 100, ta 200, ta 300, haka dai har gaba.

Mai karatu, ko ba ka taɓa ganin motar gida ba, kada ka ɗauka abin ya fi ƙarfinka. Duk wanda ya taɓa tattalin ruwan tanki, ya lissafa abin da janareta zai iya ɗauka, ya kula da masai, to ya san rabin darasin nan. A otal wasu ne ke yi maka waɗannan ayyuka. A motar gida kai ne mai ruwa, kai ne mai wuta, kai ne mai kwashe shara.

Kama wuri

Ana kama wuri tun da sauran watanni, wasu ma shekara guda kafin tafiya. Lokacin Kirsimeti da ƙarshen Oktoba da hutun makarantu wuri kan cika, kuɗi kuma ya tashi. Da hunturu ma haka, domin mutanen arewacin ƙasar sukan gudo wa ƙanƙara su zo Fulorida su yi makonni.

Kafin ka kama wuri, ka san tsawon motarka da tsayinta da ƙafa. Ka rubuta a takarda ka manna kusa da sitiyari. Wuraren ba girmansu ɗaya ba. Mafi araha na masu tanti ne da ƙananan motoci: akwai ruwa da wuta, amma babu ramin zubar da ƙazanta. Sauran suna da duka ukun, kuma daɓen simintin mafi girma ya kai ƙafa 60 a tsawo. Idan da yara a tafiyar, shawarata ka ɗauki mai ramin ƙazanta ko da ya fi tsada. Akwai iyakar yawan mutanen da wuri ɗaya yake ɗauka. Ka kuma sani kuɗin sansani daban, kuɗin shiga filayen wasa daban. Mutane da yawa sukan manta da wannan a lissafinsu.

Shiga wuri da baya

Ana karɓar baƙi da rana, ranar tafiya kuma a tashi kafin 11 na safe. Yi ƙoƙari ka iso da sauran rana. Yawancin wuraren da baya ake shiga, hanyoyin kuma ƙanana ne, ga itatuwa dama da hagu.

A nan dole a samu wanda zai yi aikin yaron mota. Ga yadda abin yake idan an yi shi daidai. Maigida ya tsayar da mota, ya sauko, shi da uwargida su zagaya wurin da ƙafa. Su duba inda sandar wuta take, da famfo, da bakin rami. Su ɗaga kai su duba rassa. Sannan ya koma ciki ya sauke gilashi, ita kuma ta tsaya a baya ta gefen direba, inda zai gan ta a madubi.

“Baban yara, taho a hankali. Karya hagu kaɗan. Tsaya! Akwai reshe a sama.”

“To, na tsaya. Ina yaran suke?”

“Suna kan benci, na hana su saukowa.”

Doka ɗaya ce: idan direba ya daina ganin mai yi masa jagora a madubi, ya taka birki nan take. Ba abin kunya ba ne a fita a sake shiga sau uku ko huɗu. Maƙwabta duk sun sha yin haka.

Da mota ta zauna, a ja birkin hannu, a sa weji a tayoyi, a duba ko ta karkata. Idan ta karkata a ɗora taya kan katako ko robar da ake bayarwa don haka. Dalilin ba jin daɗin barci kaɗai ba ne. Firjin motoci da yawa ba ya aiki daidai idan mota ta jirkice, yana ma iya lalacewa.

Wuta

Wutar Amurka bolt 120 ce, ta Najeriya da Nijar kuwa wajen 220 zuwa 230. Cajar waya da ta kwamfuta yawanci suna karɓar kowacce, sai dai a nemi bakin fulogi irin nasu. Dutsen guga ko butar lantarki da aka zo da su daga gida ba za su yi zafi yadda aka saba ba.

A jikin sandar wuta akwai soket iri-iri. Motar gida takan yi amfani da mai amfiya 30 ko mai amfiya 50. Ka tambayi wanda ya ba ka hayar mota wanne ne naka. Kashe makunnin sandar tukuna, ka soka fulogi ya zauna daram, sannan ka kunna. Idan za a cire ma haka, a kashe kafin a zare.

Bari mu yi ɗan lissafi. Bolt 120 sau amfiya 30 ya ba da wat 3,600. Iyakar abin da motar za ta ja ke nan a lokaci ɗaya. Mu ɗauka na'urar sanyaya ɗaki tana cin wat 1,500, butar shayi 1,500, na'urar ɗumama abinci 1,000. Idan ka haɗa sun zama 4,000, sun haura 3,600, wuta za ta yanke. Maganin abin shi ne a yi su bi da bi: a dafa shayi, a kashe buta, sannan a ɗumama abinci. Mai amfiya 50 layi biyu gare shi, yana kaiwa wat 12,000, shi ya sa manyan motoci ke amfani da shi.

Ruwa da ƙazanta

Nan ne nake so mu daɗe, don nan ne baƙo ya fi shan wahala.

Motar gida tana da tanki uku. Na farko na ruwa mai tsabta. Na biyu yana tara ruwan wanka da na wanke-wanke, masu motocin suna ce masa tanki mai toka-toka. Na uku yana ƙarƙashin masai, shi ne baƙin tanki. A sansani ana haɗa mota da famfo kai tsaye da tiyo. Wannan tiyo, wanda galibi fari ne, na ruwan sha ne kaɗai. Kada a wanke komai na masai da shi, kada a bar bakinsa a ƙasa, kada a ajiye shi akwati ɗaya da tiyon ƙazanta. Akwai kuma wani ɗan ƙarfe da ake ɗaurawa a bakin famfo don rage ƙarfin ruwa. A sa shi, domin bututun cikin mota na roba ne, ruwa mai ƙarfi yana iya ɓalle mahaɗarsu ya jiƙa ɗaki.

Kuskuren da baƙi suka fi yi shi ne barin bawul ɗin baƙin tanki a buɗe, a zatonsu komai zai riƙa wucewa rami kamar na gida. Abin da ke faruwa shi ne ruwa ya tsiyaye, mai kauri ya zauna ya taru ya bushe, tanki ya toshe, wari ya cika mota. Saboda haka bawul ɗin a rufe yake zama. Sai tanki ya kai kamar kashi biyu cikin uku ake buɗewa, yadda nauyin ruwan zai kwashe komai lokaci guda.

Ranar zubarwa ka sa safar hannu ta roba. Ka tabbata babban tiyo ya kama a jikin mota, ɗaya bakin kuma ya zauna sosai a rami. Ja hannun baƙin tanki tukuna. Za ka ji ƙarar ruwa, tiyo yana motsi, har ya lafa. Mayar da hannun ka rufe. Sannan ka ja na tanki mai toka-toka, ruwan sabulun da ke ciki ya ɗauraye tiyon. Idan ka juya tsarin, ƙazanta ce za ta kwana a tiyo. Bayan haka zuba ruwa kamar galan biyu cikin masai tare da maganin tanki, kada a bar shi a bushe. Ka wanke hannu da sabulu.

Mu da muke tsarki da ruwa, wannan al'ada tana taimakon tankin, don yawan ruwa shi ke hana toshewa. Sai dai zai riƙa cika da wuri, a riƙa duba ma'auninsa da ke bango. Kada a jefa ƙunzugun yara ko audugar mata ko tsumman goge jiki a masai. Uwargida kuma kada ta zuba man suya ko ragowar shinkafa a wurin wanke-wanke, a kwashe a leda a kai shara. Kowace unguwa tana kusa da gidan wanka na jama'a mai banɗaki da injin wanki. Idan manya suna wanka a can, tankunan mota za su daɗe ba su cika ba.

Gawayi da gas

Kowane wuri yana da tebur da murhun gawayi a waje, mai son gasa nama ya samu. Amma gawayi ba ya shiga cikin mota ko da ruwa ake yi. Hayaƙinsa yana ɗauke da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kashe mutane cikin barci. Motocin suna da na'urar da ke ƙara idan ta ji wannan iska ko gas ya zuba. Ka gwada ta tun a wurin haya. In ta yi ƙara da dare, a fitar da kowa waje tukuna, a rufe tukunyar gas. Lambar neman agaji a Amurka ita ce 911.

Zirga-zirga da yanayi

Sansanin yana da faɗi ƙwarai, kuma ba a yarda baƙi su riƙa yawo da motocinsu suna ajiyewa ko'ina ba. Akwai bas na cikin gida kyauta da ke bi unguwanni. Daga bakin tafki ana hawa jirgin ruwa zuwa filin wasan da ake kira Magic Kingdom, sauran filayen wasa kuma bas ake hawa daga tashar da ke kusa da ƙofar shiga. Ka ba kanka awa guda ko fiye daga ƙofar motarka zuwa ƙofar filin wasa. Wasu sukan yi hayar ƙaramar motar lantarki irin ta 'yan wasan golf, wasu su zo da kekuna. Ƙaramar motar tana da daɗi, amma sai mai lasisi ke tuƙa ta, ba a ba yara.

Daga Yuni zuwa Satumba zafi kan kai wajen digiri 33, ga gumi, kuma kusan kullum da la'asar hadari kan taso da tsawa. Kafin ku fita da safe ku naɗe rumfar gefen mota, iska tana karya ta cikin minti ɗaya. Abin da ya fi wa iyali sauƙi shi ne a yi sammako, a dawo mota da azahar a ci abinci a yi salla a huta, a koma da yamma. Alƙibla daga Orlando tana arewa maso gabas ne. Dafa abinci da kanka ma yana raba ka da wahalar neman halal, ana kuma barin mutum ya shiga filayen wasa da abincinsa idan ba a cikin kwalba yake ba. Lokacin guguwar teku yana farawa 1 ga Yuni ya ƙare 30 ga Nuwamba. A 2022 guguwar Ian ta sa an rufe sansanin na ɗan lokaci, don haka mai zuwa a wannan tsakani ya riƙa sauraron labarin yanayi.

Sai maganar da nake roƙon iyaye su riƙe. Akwai kada a ruwayen Fulorida, har da tafkunan wuraren shaƙatawa. A watan Yuni na 2016 kada ya kama wani yaro ɗan shekara 2 a bakin ruwa a wani otal na yankin, yaron ya rasu. Kada a bar yaro ya taka ruwan tafki ko na rafi, musamman da magariba. Akwai wurin ninkaya da aka gina, da masu tsaro, can za a kai su. Da dare ana zama a bakin yashi, nesa da ruwa, a hango wasan wuta na Magic Kingdom da jiragen ruwa masu fitilu suna wucewa. Daga ƙarfe 10 na dare kuma ana rage murya, don maƙwabcinka taku kaɗan ne tsakaninku.

Aikin aji

Karanta waɗannan kalmomi da ƙarfi, sannan ka rubuta kowacce sau uku: sansani, tiyo, tanki, bawul, weji, rumfa.

Amsa a littafinka. Wane tanki ake fara zubarwa, kuma me ya sa? Mota mai amfiya 30 ta kunna na'urar sanyaya ɗaki mai cin wat 1,500 da dutsen guga mai cin wat 1,200. Wat nawa ya rage mata? Iyali suna so su kasance a ƙofar filin wasa ƙarfe 9 na safe. Ƙarfe nawa ya kamata su bar motarsu?

Ku tashi biyu-biyu. Ɗaya ya zama direba, ɗaya mai jagora. A jera kujeru biyu a matsayin itatuwa, mai jagora ya shigar da direba tsakaninsu da baya, da baki da hannu, ba tare da ya taɓa shi ba.