Kafin ku sayi farantin sarƙa na keken BMX

Salam 'yan uwa na Jidda, don Allah duk mai son canza farantin sarƙa na BMX, wato keken wasan tsalle, ya fara auna kaurin sandar tsakiya da ke riƙe hannun feda, akwai 19mm akwai 22mm har da 24mm. Faranti mai ɗaurin noti raminsa kusan 24mm ne, in sandarka 19 ce dole ka sa ƙaramar woshar nan mai cike ramin, in ba haka ba zai riƙa rawa sarƙa tana saki tana tsukewa, wallahi haɗari ne wajen tsalle. Shi kuma mai haƙora 48 a cikin rami sai sandar da haƙoranta suka dace. Ka cire tsohon ka tafi da shi shago a gwada a gabanka kafin ka ba da riyal ɗinka.