Darasi na 9: Share Sawun Fayilolin da Aka Goge

Mai gidan haya yana da littafin da yake rubuta sunan kowane ɗan haya da lambar ɗakinsa. In ya ja layi a kan suna, a takarda ɗaki ya zama fanko. Amma tabarma da akwati da fitila suna nan ciki, sai ranar da sabon ɗan haya ya shigo da nasa kayan.

Haka kwamfuta take. Idan kun goge fayil, har kun zubar da kwandon shara, suna kawai aka soke daga littafi. Fayil ɗin yana nan kwance a faifan ajiya. Yaro mai ƙaramar manhaja irin Recuva zai iya tono shi kafin shayi ya huce.

A shekarar 2003 wasu ɗalibai biyu a jami'ar MIT ta Amurka sun ba da rahoton tsofaffin faifai 158 da suka saya. Guda 12 kacal aka share yadda ya kamata. A cikin sauran sun tsinci lambobin katin banki sama da 5,000. Mu ma muna sayen kwamfuta 'yar gwanjo, muna kuma sayar da tamu in buƙata ta taso. Ku tuna abin da ke ciki: hoton iyali, takardar fili, lambar BVN. Abin nan yana damuna ƙwarai, domin sirrin gida ba kayan kasuwa ba ne.

Maganin shi ne a rubuta wani abu a kan wurin da tsohon fayil yake. Windows tana da nata kayan aiki, ba sai kun sauko da komai daga intanet ba. Ku rufe duk abin da kuka buɗe, ku shiga Command Prompt, wato tagar da ake rubuta wa Windows umarni, ku rubuta:

cipher /w:C:

Wannan manhaja ta cipher za ta bi faifan C: sau uku. Zagaye na farko ta zuba sifili, na biyu ta zuba ɗaya-ɗaya, na uku ta watsa lambobi barkatai.

Tambayar da aka fi yi mini a aji ita ce: "Malam, ba za ta cinye mini takarduna ba?" Ba za ta ci ba. Ɗakunan da aka soke sunansu kaɗai take shiga. Haɗarin yana hannun mai dannawa. Wata manhajar share faifai mai suna CCleaner, alal misali, tana ba da zaɓi biyu: Free Space Only, wato filin da babu kowa, da Entire Drive, wato faifan gaba ɗaya. Wanda ya zaɓi na biyu ya rushe gida da mutane a ciki, kuma babu mai gyaran da zai dawo da su. Ku karanta sau biyu. In rubutun ya yi muku wuya, ku kira wanda ya iya ya tsaya kusa da ku, babu kunya a wannan. Kafin komai ma, ku kwafe muhimman abubuwa zuwa filashi. Ku kuma tambayi mutanen gida ko akwai abin da aka goge bisa kuskure ana son a dawo da shi, don bayan wannan aiki, bakin alƙalami ya bushe.

Aikin yakan ɗauki sa'o'i, saboda haka ku fara da cikakken caji. In an ɗauke wuta ana tsaka da yi, wata jaka mai suna EFSTMPWP takan rage ta cinye fili. Ku goge ta, ku sake farawa. Faifan da ya fara ƙas-ƙas kuwa ciwo yake yi, kada ku ɗora masa wannan nauyi.

Za ku ji ana cewa sai an maimaita rubutun sau 35. Wani masanin kwamfuta mai suna Peter Gutmann ne ya kawo wannan a 1996, don faifan wancan zamani. NIST, hukumar ƙa'idojin fasaha ta Amurka, ta bayyana tun 2006 cewa sau ɗaya ya wadatar a faifan yanzu.

Duk wannan na faifai mai juyawa ne, wanda ake kira HDD. Shi SSD, wato faifan da ba ya juyawa, yana sauya wurin rubutu da kansa, don haka rubutun ba lalle ya faɗa kan tsohon ba, sai dai ya rage masa kwana. Nasa darasin daban ne.

Aikin gida: ku buɗe Task Manager, wato tagar da ke nuna ayyukan kwamfuta, ku danna Performance, ku duba ƙarƙashin Disk. Ku rubuta a littafinku abin da kuka gani, HDD ko SSD, ku zo da shi aji.