Kafin ka ce wane ya fi wane: kurakuran da ake yi wajen auna sabbin kociyoyi

Da zarar sabon koci ya yi wasa ashirin ko talatin, sai a fara jero alƙaluma: ga yawan nasarorinsa, ga na Jurgen Klopp a daidai wannan adadin, ga na Mikel Arteta. Daga nan a yanke hukunci, ko a ce an samu gwarzo, ko a ce a sallame shi tun da wuri. Yawancin alƙaluman daidai suke. Inda ake ɓarin gari shi ne a manta cewa babu kociyoyi biyu da suka taɓa tashi daga wuri ɗaya. Kowa da irin gadon da ya tarar, da watan da ya zo, da kuɗin da aka ba shi, da mutanen da ke samansa.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne ɗaukar matsayin ƙungiya a teburin bara a matsayin ma'aunin 'yan wasan da koci ya gada. David Moyes ne aka fi yi wa wannan. A 2013 ya karɓi Manchester United tana riƙe da kofin Firimiya, ta gama da maki 89, tazarar 11 tsakaninta da Manchester City. Cikin wata goma aka kore shi, ƙungiyar kuma ta ƙare a matsayi na bakwai. A fuska dai magana ta ƙare: an ba shi zakaru ya mayar da su 'yan kallo. Amma a duba waɗanda suka ci masa wancan kofin. Paul Scholes ya rataye takalmi a bazarar da Moyes ya zo. Ryan Giggs ya cika shekara 40 a cikin kakar. Rio Ferdinand, Nemanja Vidic, Patrice Evra da Michael Carrick duk sun haura talatin. Robin van Persie, wanda ƙwallayensa 26 suka ɗauki nauyin kofin, ya koma fama da jinya. Bayan shekara ɗaya kacal, Ferdinand da Vidic da Evra sun bar ƙungiyar, Giggs ya yi ritaya. Ga shi kuma David Gill, shugaban gudanarwar ƙungiyar, wanda ya saba da harkar cinikin 'yan wasa, ya sauka a lokaci guda da Alex Ferguson, kocin da Moyes ya gada, har aka kai ranar rufe kasuwa kafin a kawo Marouane Fellaini. Wannan bai wanke Moyes ba, domin wasan da ƙungiyarsa ke bugawa ba ya da armashi, kuma ya sallami mataimakan da suka san gidan ciki da waje. Sai dai duk wanda ya ce zakaru aka ba shi, to ya faɗi rabin labari ne.

A juya batun a ga Antonio Conte. Chelsea ɗin da ya karɓa a 2016 ta gama ta goma a kakar da ta gabata. Shi kuwa a kakarsa ta farko ya ci kofi da maki 93. In da teburi za a bi, sai a ce ya tayar da matacce. Alhali waɗannan 'yan wasan, Eden Hazard, Diego Costa, Thibaut Courtois, Cesc Fabregas, Nemanja Matic, su ne suka ci gasar a 2015 a hannun Jose Mourinho, kafin alaƙa ta yi tsami tsakaninsu da shi. Suna kan ganiyarsu, aka ƙara musu N'Golo Kante, kuma ba su da wasan Turai a tsakiyar mako saboda matsayin da suka ƙare. Aikin Conte na gaske shi ne komawa 'yan baya uku bayan Arsenal ta ɗura musu uku da nema, abin da ya haifar da nasara 13 a jere. A yaba masa a kan wannan. Amma ƙungiyar ta goma da Conte ya gada ta fi zakarun da Moyes ya gada jini a jika.

Gyaran ba wuya. A maimakon teburin kaka ɗaya, a duba kaka uku da suka wuce. A ɗauki 'yan wasa goma sha ɗaya da suka fi buga wasa, a ga shekarunsu, a ga nawa ne kwantiraginsu ya kusa ƙarewa, sannan a tambaya: bayan shekara biyu, nawa ne a cikinsu ke buga wasa a babbar ƙungiya? Amsar wannan tambayar ta fi teburi faɗin gaskiya.

Sai gaggawar yanke hukunci da wasanni kaɗan. Ole Gunnar Solskjaer ya karɓi United a matsayin riƙon ƙwarya a Disamban 2018, ya ci wasa 14 cikin 19, har da fitar da Paris Saint-Germain a gidanta. Aka ba shi kwantiragin dindindin a ƙarshen Maris ɗin 2019. A wasanni goma da suka rage na kakar, biyu kawai ya ci. Ange Postecoglou ya tara maki 26 a wasanninsa goma na farko da Tottenham a 2023, bayan an sayar da Harry Kane. Kakar da ta biyo baya ƙungiyar ta ƙare ta 17. Pep Guardiola kuwa, wasansa na farko da Barcelona a La Liga a 2008 Numancia ta doke shi, na biyu ya yi kunnen doki da Racing Santander, kuma a ƙarshen wannan kakar Barcelona ta haɗa kofi uku.

Akwai dalilin da ya sa farkon sabon koci yake yawan yin kyau, kuma ba sihiri ba ne. Ba a korar koci sai ƙungiya ta shiga mafi munin halinta: rauni ya yi yawa, sa'a ta juya baya, ko an ci karo da manyan ƙungiyoyi a jere. Irin wannan hali ba ya ɗorewa ko da ba a taɓa kowa ba. Masu jinya za su dawo, jadawali zai yi sauƙi, ƙwallon da ke dukan ƙarfe zai fara shiga. Duk wanda ya zo a wannan gaɓar shi zai kwashi ladan. Don haka in za a auna wasannin farko, a duba da wa aka buga, a gida ko a waje, kuma a kwatanta da matsakaicin abin da ƙungiyar ke samu a shekara guda kafin nan, kada a tsaya ga makonni shidan ƙarshe na wanda aka kora. A ganina ƙasa da kaka ɗaya cikakkiya ba ta isa a kira ta tarihi ba.

Yanzu ga wanda ya fi ba ni haushi: "ai Ferguson ma sai da aka ba shi lokaci." Duk kocin da ya shiga matsala sai magoya bayansa sun jawo wannan. Gaskiya ne Ferguson ya zo United a Nuwamban 1986, Oxford United ta doke shi a wasan farko, ya gama na 11, sannan na biyu, sannan na 11, sannan na 13, kuma bai ɗaga kofi ba sai na FA a 1990. Kofin gasa kuwa sai 1993. Abin da ba a faɗa shi ne dalilin da ya sa aka yi masa haƙuri. Mutumin ya riga ya ci gasar Sikotland sau uku da Aberdeen, a ƙasar da Celtic da Rangers suka mayar da kofi kamar gadon gidansu, ya kuma doke Real Madrid a wasan ƙarshe na kofin Turai na masu riƙe da kofin ƙalubale a 1983. Shugabannin United suna ganin aikin da yake yi a makarantar matasa da wajen farauto yara. Akwai hujja a hannunsu. Ban da haka, a lokacin gama gasa a na 11 ba ya jawo asarar kuɗin da rashin zuwa gasar Zakarun Turai ke jawowa a yau. Sannan a tuna da ɗimbin kociyoyin da aka yi wa haƙuri shekara uku ko huɗu ba su tsinana komai ba. Ba a tuna sunayensu ne kawai saboda babu kofin da zai sa a tuna. Yanzu Mikel Arteta ya zama sabon misalin, tunda ya gama na takwas sau biyu kafin Arsenal ta fara takarar kofi. Tambayar da ta dace ita ce me ake gani yana canzawa: shekarun 'yan wasa na raguwa? Albashin da ake zubarwa a kan waɗanda ba sa wasa ya ragu? Salon wasa ya fara fitowa? A wurin Arteta ana iya nuna waɗannan da yatsa. In babu su, ambaton Ferguson ba ya ƙara komai.

Watan da koci ya zo ma ana yawan tsallake shi. Jurgen Klopp ya karɓi Liverpool a Oktoban 2015, kasuwa a rufe, babu atisayen share fage, ga wasannin Europa da na kofunan gida sun cika masa mako. Ya gama na takwas. Guardiola ya zo Manchester City a bazarar 2016 da cikakken lokacin shiri, a ƙungiyar da Txiki Begiristain, tsohon abokin aikinsa a Barcelona, yake daraktan wasanni tun 2012. Jera wasanni hamsin na farkon waɗannan biyun gefe da gefe ba adalci ba ne. Abin da ya fi shi ne a fara ƙirga daga kakar farko da kowannensu ya fara tun daga bazara.

Batun wa ya kawo wane ɗan wasa yana da fuska biyu, kuma ana faɗawa rami ta kowace. Ta farko ita ce a jingina wa koci duk wanda ya haskaka a zamaninsa. Petr Cech da Arjen Robben an gama cinikinsu kafin Mourinho ya taka Chelsea a 2004, kuma Claudio Ranieri ya bar masa ƙungiyar da ta gama ta biyu ta kuma kai wasan kusa da na ƙarshe a Zakarun Turai, da John Terry da Frank Lampard da Claude Makelele a ciki. Arsene Wenger ya tarar da bangon bayan da tsohon koci George Graham ya gina a Arsenal lokacin da ya zo a 1996, David Seaman da Tony Adams da Lee Dixon da Nigel Winterburn da Steve Bould da Martin Keown, ga Dennis Bergkamp da Bruce Rioch ya kawo. Bukayo Saka ya fara buga wa manyan Arsenal a hannun Unai Emery, haka Gabriel Martinelli da William Saliba a zamaninsa aka saye su. Shi kansa Ranieri, da ya ci Firimiya da Leicester a 2016, ya tarar da Jamie Vardy da Riyad Mahrez, a ƙungiyar da ta ci bakwai cikin wasanni tara na ƙarshe a hannun Nigel Pearson.

Fuska ta biyu ita ce a ce, ai da waɗannan 'yan wasan ko wa aka ba zai ci. Ana faɗar haka a kan Guardiola saboda Messi da Xavi da Iniesta. To amma su ukun suna nan a 2008 lokacin da Barcelona ta gama ta uku, maki 18 a bayan Real Madrid. Shi ne ya nuna wa Ronaldinho da Deco ƙofa, ya ɗauko Sergio Busquets daga ƙaramar ƙungiya. An faɗi haka a kan Arne Slot da ya ci Firimiya da Liverpool a kakarsa ta farko da 'yan wasan Klopp kusan gaba ɗaya, alhali mayar da Ryan Gravenberch gaban 'yan baya shawararsa ce. Ma'aunin da ya fi gaskiya shi ne a ɗauki 'yan wasan da suka buga wa tsohon koci da sabo, a ga wa ya ƙaru, wa ya ragu, wa aka canza wa gurbi.

Kuɗi ma haka. A ce Klopp ya kashe fam miliyan 75 a kan Virgil van Dijk ba tare da an ce a watan ne Barcelona ta biya sama da fam miliyan 100 a kan Philippe Coutinho ba, an ɓoye rabin lissafi. A riƙa cire abin da ya shigo daga abin da ya fita, a kuma duba jimillar albashi, domin ita ta fi nuna ƙarfin ƙungiya. Kuma fam miliyan 30 na 2004 ba shi ne na yau ba.

Kofin ƙalubale yana ruɗin mutane. Wasa shida ko bakwai ne, fenariti ɗaya na iya juya shi. Roberto Di Matteo ya ci kofin FA da na Zakarun Turai a 2012 yana riƙon ƙwarya, a kakar da Chelsea ta gama ta shida, kuma kafin Nuwamba ta fita an sallame shi. Kofi kofi ne, ba mai ƙwace masa. Amma in ana son sanin ko ƙungiya na gaba ko baya, gasar wasa 38 ce ke faɗa. Hatta wannan adadin a kula da shi: kafin 1995 yawancin kakunan babbar gasar Ingila wasa 42 ne, kuma kafin 1981 maki biyu ake bayarwa a nasara. Jimillar maki tsakanin zamunna ba ta kwatantuwa sai an daidaita makin nasara, sannan an raba ta da yawan wasanni. Haka kason nasara da aka cakuɗa wasan gasa da na kofi a kan ƙananan ƙungiyoyi.

In ana son gwada duk wannan a wuri ɗaya, Chelsea ta Lampard da Thomas Tuchel ta isa. Lampard ya zo a 2019, an sayar da Hazard, an kuma hana ƙungiyar sayen 'yan wasa. Ya jawo Mason Mount da Reece James da Tammy Abraham, ya gama na huɗu. Wannan kakar ta cancanci yabo fiye da yadda matsayin ya nuna. A bazarar 2020 aka kawo masa Kai Havertz, Timo Werner, Hakim Ziyech, Ben Chilwell, Edouard Mendy da Thiago Silva, ya kasa haɗa su, aka kore shi a Janairun 2021 ƙungiyar tana ta tara. Tuchel ya karɓa, bai sayi kowa ba, ya dawo da Antonio Rudiger da Cesar Azpilicueta cikin 'yan baya uku, kuma a watan Mayu Havertz ya ci ƙwallon da ta ba su kofin Zakarun Turai a kan Manchester City. Matasan da Tuchel ya yi amfani da su Lampard ne ya buɗe musu ƙofa, manyan 'yan wasan kuwa kuɗin Roman Abramovich, mai ƙungiyar a lokacin, ne suka kawo su, tsarin da ya toshe ragar kuma na Tuchel ne.