Kurakuran da aka fi yi wajen sayen ƙaramar fowil ta hannu domin hunturun karkarar Kanada

Mutanenmu da aiki ko karatu ya kai ƙananan garuruwan Kanada, musamman likitoci da ma'aikatan jinya da ke samun gurbi a karkarar Saskatchewan da Manitoba da arewacin Ontariyo, sukan tarar cewa mota ita ce sayayyar farko da ba ta jiran a natsu, domin a irin waɗannan wurare babu bas ɗin haya, babu ɗan acaɓa, kuma babban kanti na iya yin nisan tafiyar sa'a guda. Duk wanda baƙo ya tambaya, amsarsa ɗaya ce: ya nemi fowil, wato motar da injinta ke juya tayoyi huɗu. Shawarar ba ta da aibu, amma tana sa mai ƙaramin ƙarfi ya zuba duk kuɗinsa a kan tambarin da ke manne a bayan mota, ya manta da abubuwa biyu da suka fi tambarin tasiri, wato tayoyi da lafiyar ƙarfen da ke ƙarƙashin motar.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne ɗauka cewa fowil ta wadatar, ba sai an sayi tayoyin hunturu ba. Aikin fowil shi ne raba ƙarfin injin ga tayoyi huɗu domin mota ta iya tashi daga tsaye ko ta hau tudu ba tare da tayoyin sun yi ta juyawa a wuri ɗaya ba. Tsayawa kuwa aikin birki ne da taya, kuma kowace mota a duniya tana da birki a tayoyinta huɗu, saboda haka fowil ba ta rage ko taku ɗaya daga tazarar da mota ke buƙata kafin ta tsaya a kan ƙanƙara. Haɗarin ma ya fi yawa ga sabon direba, domin motar tana tashi cikin sauƙi har ya manta cewa hanyar santsi ce, ba zai tuna ba sai ya taka birki. Ni ma a hunturuna na farko haka na yi. Na sayi tsohuwar mota da tayoyin da aka ce mini na kowane yanayi ne, wata safiya na tunkari mararraba a kan hanyar burji da gudun da bai kai kilomita 40 ba, na taka birki, fedar ta yi ta karkarwa a ƙarƙashin ƙafata, motar kuma ta ci gaba da tafiya a hankali kamar kwalekwale har ta kwanta a kwalbatin gefen hanya. Manomin da ya jawo ni da taraktarsa bai ce komai game da tuƙina ba. Ya durƙusa ya share dusar da ke jikin taya da safar hannunsa, ya duba, ya girgiza kai.

Abin da manomin yake nema shi ne hoton tsauni mai kawuna uku da ɗigon dusar ƙanƙara a cikinsa, alamar da ke nuna cewa tayar ta ci jarrabawar tafiya a dusar ƙanƙara. Robar taya ta yau da kullum tana fara ƙandarewa da zarar sanyi ya yi ƙasa da digiri 7, ta hunturu kuwa tana zama da laushi ko a tsananin sanyi, tana kuma da ƙananan tsage-tsage masu kama ƙasa. A lardin Quebec doka ta wajabta sanya su daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris, a Ontariyo kuma kamfanonin inshora suna yi wa mai amfani da su rangwame. Gyaran wannan kuskure tun daga lissafi yake farawa: a fara ware kuɗin tayoyin hunturu huɗu, abin da ya rage shi ne kuɗin mota. Idan mai sayarwa ya ce zai haɗa da nasa tayoyin, a duba lambobi huɗu na ƙarshe a jerin da ke gefen taya, domin su ne ke faɗin mako da shekarar da aka ƙera ta. 3819 na nufin mako na 38 na shekarar 2019. Tayar da ta tsufa robarta ta bushe ko da zanenta bai cinye ba, wadda zurfin zanenta ya gaza milimita 4 kuma ta gama aikinta a dusar ƙanƙara. A ganina, ƙaramar mota mai jan gaba kawai da tayoyin hunturu masu kyau ta fi fowil mai tsofaffin tayoyi aminci a yawancin ranakun shekara.

Kuskure na biyu mun taho da shi ne daga gida, inda aka saba a kewaya mota a duba fenti, a buɗe bonet a saurari inji, a leƙa kilomita, sannan a shiga ciniki. A Kano ko Maraɗi wannan ya kusan isa, domin ƙarfe yana daɗewa a busasshiyar ƙasa. A Kanada kuwa hukumomi suna watsa gishiri a kan tituna domin narkar da ƙanƙara, ruwan gishirin yana fantsama ya maƙale a kowane lungu na ƙarƙashin mota, yana cin ƙarfe shekara bayan shekara daga ciki, ta yadda mota za ta yi ƙyalli a sama alhali shasinta ya zama kamar tsohon kwanon rufi. Injin da ya lalace ana gyara shi ko a musanya, amma shasin da tsatsa ta huda ya gama yawo, kuma ba zai ci binciken lafiyar mota ba. Matsalar ta kai har kamfanin Honda ya yi kiran a dawo da motocin CR-V ƙirar 2007 zuwa 2011 a yankunan da ake zuba gishiri, a Kanada da kuma Amurka, saboda tsatsa tana cinye ƙarfen baya inda ƙafar taya ke ɗaure.

Saboda haka kada a biya ko sisi sai an ɗaga motar a garejin da mai saye ya zaɓa da kansa, an shiga ƙarƙashinta da tocila da sukundireba. Jan tsatsa da ke saman ƙarfe kamar ƙura ba abin damuwa ba ne, kusan kowace mota a can tana da shi. Abin gudu shi ne ƙarfen da ya kumbura yana ɓarewa falle-falle, ko wanda sukundireba ke nutsewa cikinsa idan an danna. Wuraren da za a fi matsa wa su ne dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi, da bakin da ke kewaye da tayoyin baya, da ƙarfen da ke ɗauke da inji da ƙafafuwa, da kuma siraran bututun man birki da ke bin tsawon motar, waɗanda idan suka ruɓe sukan fashe daidai lokacin da aka taka birki da ƙarfi. A yi hattara da ƙarƙashin motar da aka fesa wa sabon baƙin fenti mai kauri kwana kaɗan kafin a sa ta kasuwa. Mai kula da motarsa yakan fesa mai hana tsatsa duk kaka kuma yana da rasit, mai ɓoye ɓarna kuwa sau ɗaya yake fesawa. Motocin da suka yi rayuwarsu a Alberta da Saskatchewan sukan fi na kudancin Ontariyo da Quebec tsabtar ƙarƙashi, don haka yana da kyau a san inda mota ta fito. Wannan binciken ya shafi har mai sayen tokumbo a Kwatano ko Legas, domin da yawa daga motocin da ake saukewa a can daga waɗannan yankuna na gishiri aka kwaso su.

Akwai kuma masu sayen motar da ba fowil ba ce sam, saboda sun yi hukunci da siffa. Toyota RAV4 da Honda CR-V duk ana ƙera su iri biyu, mai jan gaba kawai da mai jan huɗu, kuma daga waje kamar tagwaye suke. Tabbacin yana ƙarƙashi: a motar da ke aiki da mai zalla ba haɗin lantarki, idan babu farfela, wato dogon ƙarfen da ke kai ƙarfi daga giyabos zuwa tayoyin baya, to motar ba fowil ba ce ko me aka rubuta a talla. Su ma fowil ɗin ba tsarinsu ɗaya ba. Na Subaru yana aiki koyaushe, na CR-V da na RAV4 ƙirar 2006 zuwa sama yana jan gaba ne har sai tayoyin gaba sun fara zamewa sannan ya tura ƙarfi baya, na tsofaffin ƙananan jif da akori-kura kuwa direba ne ke saka shi da hannu, kuma wannan na ƙarshe ba a barinsa a kunne a kan busasshiyar kwalta, domin yana ɗaure gaba da baya wuri guda har ƙarafan su yi ta murɗa juna a kwana. Lokacin gwaji, a sami fili a murɗe sitiyari har ƙarshe a yi da'ira a hankali. Idan CR-V ta yi gurnani daga baya, galibi man akwatin giyar da ke raba ƙarfi ga tayoyin baya ne ya tsufa, kuma canza shi da ainihin man Honda ba shi da tsada. Idan kuwa mota tana tirjewa tana tsalle-tsalle, gara a bar ta.

Daga nan ne wani kuskuren ke biyowa bayan an sayi motar, wato canza taya ɗaya idan ta fashe, kamar yadda muka saba. A motar da ke jan huɗu koyaushe, sabuwar taya ta fi tsofaffin girma kaɗan, don haka tana juyawa a hankali fiye da su, na'urar da ke raba ƙarfi kuma tana ɗaukar wannan bambanci a matsayin zamewa, ta yi ta aiki ba hutu har ta ƙone. Motar da aka gani da tayoyi huɗu na kamfanoni uku tana ba da labarin irin riƙon da aka yi mata.

Kowace ƙira tana da cutarta da makanikai suka sani, kuma rashin tambaya a kanta yana jawo asarar da ta fi kuɗin motar. Subaru Forester da Outback masu injin lita 2.5 na shekarun 2000 sun shahara da lalacewar gasket ɗin kan inji, kuma suna amfani da bel na taimin da ake canzawa a wajen kilomita 168,000, wanda idan ya tsinke yakan lanƙwasa bawul. Wanda ya nuna rasit na waɗannan gyare-gyare biyu motarsa ta cancanci ƙarin kuɗi. Forester ta 2011 zuwa 2014 ta koma sarƙa a maimakon bel, amma wasunsu suna shan baƙin mai, haka ma RAV4 mai injin lita 2.4 ta 2006 zuwa 2008. Suzuki SX4 ƙaramar fowil ce mai araha da juriya, sai dai kamfanin ya daina sayar da motoci a Amurka da Kanada fiye da shekara goma da suka wuce, don haka wanda ke zaune a garin da gareji ɗaya ne ya fara tambayar makanikin garin ko yana samun kayanta. Motar da ta fi yawa a bakin kantin garin ita ce wadda ba za ta kwana mako biyu tana jiran kayan gyara ba.

Game da tsayi daga ƙasa, a duba hanyar da za a riƙa bi. Subaru Impreza da Forester kusan tsarin ja ɗaya gare su, amma ƙarƙashin Impreza bai fi santimita 15 ko makamancin haka daga ƙasa ba, na Forester kuwa ya kai kusan 22, kuma a hanyar da motar share dusa ba ta isowa sai rana ta ɗaga, wannan bambanci ne ke raba wanda ya isa aiki da wanda motarsa ta hau kan dusa tayoyinta suna lilo. Ba sai an kai ga sayen ƙatuwar akori-kura ba, wadda ke shan mai kuma bayanta ba shi da nauyi.

Mutane da dama suna zuwa gwaji su tarar an riga an ɗuma injin, su yi murna da yadda ya tashi da bugu ɗaya. A nemi mai mota ya bar ta ta kwana a waje ba a tayar ba, a taɓa injin a ji shi da sanyi kafin a murɗa makulli, domin a nan ne raunin batir da ƙarar inji da hayaƙi ke bayyana. A duba ko akwai igiyar lantarki da ke leƙowa ta gaban mota, wadda ake jonawa da dare domin ɗumama injin. A garuruwan da sanyi ke kaiwa digiri 30 ƙasa da sifili har wuraren ajiye motoci na ma'aikata suna da soket dominta. A kunna hita a tabbata tana fitar da zafi sosai, a kuma gwada na'urar sanyaya mota ko da ana hunturu, domin ita ce ke busar da iskar da ke share raɓa daga gilashi. Salansar da ta huje ma ba ƙara kawai take jawowa ba, domin wanda ya maƙale a dusa ya bar inji a kunne don ɗumi, hayaƙin da ba shi da wari na iya shigowa cikin motar ya kashe shi.

Sauran kurakuran na takarda ne da na lokaci. Bashin da ke kan mota yana bin motar ne ko da an sayar da ita, don haka a ɗauki lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 a bincika tarihinta a Carfax, kamfanin da ke tattara tarihin motoci, a ga ko ta taɓa yin haɗari, ko ana bin ta bashi, ko akwai kiran gyara da ba a amsa ba. A Ontariyo doka ta ɗora wa mai sayarwa ya ba da kundin bayanin motar, kuma takardar shaidar lafiyar mota kwana 36 take aiki, tana nuna cewa motar ta cika mafi ƙarancin sharaɗi a ranar da aka duba ta ne kawai. Motar da aka shigo da ita daga wani lardi kuwa galibi sai an sake bincikarta kafin a yi mata rajista, abin da ya kamata a sa cikin lissafi. Wanda ya jira dusar farko ta sauka a watan Nuwamba zai shiga kasuwa tare da kowa, ya tarar farashin fowil ya hau, masu sa taya kuma sun cika da layi na makonni. Wanda ya fara nema tun Agusta yana da damar duba mota biyar ya ƙi huɗu, kuma zai kwanta a ƙarƙashinsu a kan busasshiyar ƙasa.