Yadda Ake Tantance Makarantun Gwamnati a Amurka Kafin Iyali Su Kama Gida

A Kano ko Maraɗi, idan makarantar unguwa ba ta kwanta wa uba a rai ba, sai ya nemi wata, ya riƙa kai yaron a babur ko a daidaita sahu. A Amurka ba haka abin yake ba. Adireshin gidan da kuka kama shi ne ke yanke makarantar gwamnatin da yaranku za su shiga, tun daga ajin share fage har zuwa aji 12. Za ka ga gidaje biyu suna kallon juna, titi ne kawai ya raba su, amma yaransu ba makaranta ɗaya suke zuwa ba. Shi ya sa nake jin zafi a raina duk lokacin da ɗan'uwa ya sa hannu a takardar hayar shekara guda, sannan ya fara tambaya ko makarantar unguwar tana da kyau. Tun ran gini ake zane. Makaranta ake fara dubawa, gida ya biyo baya.

Mataki na farko: ku gano wanda ke riƙe da makarantun

Akwai abin da suke kira kawunti, wato gunduma, akwai kuma hukumar makarantu, wadda suke kira distirik. Mutanenmu da yawa suna ɗauka abu ɗaya ne. A wasu jihohin haka ne, a wasu kuwa ko kusa. Amurka na da gundumomi sama da 3,000, hukumomin makarantu kuma sun haura 13,000.

A Maryland kowace gunduma hukumarta guda ce: gundumomi 23 da birnin Baltimore, hukumomi 24 ke nan. Idan ka ce Montgomery ko Prince George's, ka ambaci gunduma da hukumar makarantunta a lokaci guda. Florida ma haka take da gundumominta 67. Texas kuwa tana da hukumomi sama da 1,000, kuma iyakokinsu ba su bin na gunduma. Gundumar Harris kaɗai, inda Houston take, akwai hukumar Houston, ta Alief, ta Aldine, ta Spring Branch, ta Cypress-Fairbanks da wasu da dama, kowace da shugabanninta da kasafin kuɗinta. Hukumar Katy ta ratsa gundumomi uku: Harris, Fort Bend da Waller. Don haka wanda ya ce maka "makarantun Harris suna da kyau" bai faɗa maka komai ba tukuna. Tambaye shi: wace hukuma?

Mataki na biyu: ku gwada ainihin adireshin

Kusan kowace babbar hukuma tana da wuri a shafinta na intanet inda ake rubuta lambar gida da sunan titi, ya nuna makarantu uku: firamare, ta tsakiya da babbar sakandare. Ku rubuta duka ukun, ko da yaranku ƙanana ne, domin shekaru ba su da wuya.

Kada sunan gari a jikin adireshi ya ruɗe ku. Wannan na gidan waya ne, ba na makaranta ba. Gidaje da yawa da adireshinsu ke cewa Alexandria a Virginia, a cikin gundumar Fairfax suke, kuma yaransu makarantun Fairfax suke zuwa, ba na birnin Alexandria ba. Shafukan tallan gidaje irin su Zillow sukan nuna makarantun da ke kusa, amma mafi kusa ba lallai ita ce taku ba. Dillalin gidaje ma sau da yawa ba zai ce muku wannan makaranta ta fi waccan ba, saboda dokar 1968 da ta hana wariya a harkar gidaje ta sa suna taka-tsantsan kada a ce sun karkata mutane zuwa wata unguwa. Ku kira ofishin rajista na hukumar ku tabbatar da bakinsu.

Akwai wata al'ada tamu da dole in yi gargaɗi a kanta. Mun saba da ara wa juna adireshi: yaro ya yi rajista da gidan kawunsa ko na gwaggonsa saboda makarantar can ta fi. A wurinmu zumunci ne, a dokarsu zamba ce. A 2011 wata uwa a Akron ta jihar Ohio ta yi kwanaki a gidan yari saboda ta yi wa 'ya'yanta rajista da adireshin mahaifinta. Ko abin bai kai nan ba, ana iya cire yaro a tsakiyar zango, a kuma nemi iyaye su biya kuɗin karatun da ya yi.

Mataki na uku: ku karanta rahoton jiha, kada ku tsaya a kan maki ɗaya

Nan ne aikin yake, kuma nan mutane suka fi yin gaggawa. Suna buɗe shafukan intanet masu ba makarantu maki, GreatSchools su ga 9 cikin 10, ko Niche su ga A, shi ke nan sun yanke hukunci. Waɗannan shafuka suna da amfani wajen fara bincike, amma babban ɓangare na makin makaranta daga sakamakon jarrabawa yake fitowa, sakamakon jarrabawa kuwa yana bin arzikin iyayen unguwa ƙwarai. Makarantar da ɗalibanta 'ya'yan likitoci da injiniyoyi ne, masu malamin gida da ɗaki cike da littattafai, za ta ci maki mai yawa ko da koyarwarta tsaka-tsaki ce.

Dokar ilimi ta tarayya ta 2015 ta wajabta wa kowace jiha fitar da rahoton shekara a kan kowace hukuma da kowace makaranta, kyauta a shafin ma'aikatar ilimin jihar. Ana yi wa yara jarrabawar karatu da lissafi kowace shekara daga aji 3 zuwa aji 8, sai sau ɗaya a babbar sakandare. Daga nan ake fitar da alƙaluma iri biyu, kuma ku bambanta su da kyau. Na farko yana nuna yawan yaran da suka kai matakin da ake so. Na biyu yana nuna ci gaban da yaro ya yi daga bara zuwa bana, ko daga ina ya faro. Na farko labarin yaran da suka shigo makarantar ne. Na biyu shi ne labarin abin da malamai suka yi da su, kuma shi nake so ku fi zuba wa ido.

Ga dalili. A 2017 Sean Reardon na Jami'ar Stanford ya bi sakamakon hukumomin makarantun ƙasar, ya gano cewa yaran makarantun gwamnati na Chicago, waɗanda a aji 3 suke ƙasa da matsakaicin ƙasa, kafin su kai aji 8 sun yi ci gaban kusan shekara shida a cikin shekara biyar. Wanda ya kalli makin aji 3 kaɗai zai guje su, alhali koyo ake yi sosai. Ku kuma bincika yadda jihar ke haɗa makinta. North Carolina tana ba makarantu daga A zuwa F, amma kashi 80 cikin 100 na makin daga sakamako ne, ci gaba kashi 20 kacal. Ke nan makaranta mai C a birnin Greensboro na wannan jiha, wadda rahoton ya ce ta zarce ci gaban da ake tsammani, tana iya fin mai B wadda ba ta kai ba. Maryland taurari take bayarwa, daga ɗaya zuwa biyar, Texas kuma haruffa. Makin wata jiha ba ya zama ma'aunin na wata, domin jarrabawarsu ba iri ɗaya ba ce.

Rahoton yana rarraba sakamako kashi-kashi: baƙaƙen fata, masu koyon Turanci, 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi, masu buƙata ta musamman. Ku nemi layin da ɗanku zai faɗa ciki. Akwai makarantun da sunansu ya yi tambari, amma idan ka duba layin masu koyon Turanci sai ka tarar an bar su a baya nesa. Sai ku duba yawan masu fashi: yaron da ya rasa kashi 10 cikin 100 na kwanakin karatu, wato kwana 18 cikin kusan 180, ana lissafa shi cikin masu yawan fashi. Inda wannan adadi ya yi sama, malami kullum maimaita darasi yake yi, har mai zuwa kullum ya cutu. Ga babbar sakandare, ku duba kashi nawa ke gamawa cikin shekara huɗu, matsakaicin ƙasa kusan 87 cikin 100 ne, da ko akwai darussan matakin jami'a irin su AP da IB. Ku buɗe rahoton shekara uku a jere, ku ga inda makarantar ta dosa.

Mataki na huɗu: ku tambaya a kan yaro irin naku

Hukuncin Kotun Ƙoli na 1982 ya tabbatar wa kowane yaro damar shiga makarantar gwamnati ko yaya takardun zaman iyayensa suke, na 1974 kuma ya wajabta taimaka wa yaron da bai iya Turanci ba. Amma yadda ake aiwatarwa ya bambanta sosai. A wata makarantar malami guda ne ke zagaya ajujuwa, a wata akwai sashe sukutum. Gundumar Guilford, inda Greensboro take kuma 'yan Nijar suke da yawa, tana da makaranta ta musamman ta sababbin zuwa mai suna Doris Henderson, inda yaro ke samun gindin zama a Turanci kafin ya koma makarantar unguwarsu. Ga yaron da ya yi firamare da Faransanci a Yamai ko Damagaram, irin wannan tanadi ya fi kowane maki muhimmanci.

Ranar rajista za a ba ku fom a kan harshen da ake yi a gida. Ku rubuta gaskiya. Idan kun ce Hausa za a gwada Turancin yaron, idan ya iya a bar shi, idan yana buƙatar taimako a ba shi. Ku ma iyaye kuna da haƙƙin a nemo muku tafinta.

Shekarun shiga ajin share fage ma suna canzawa da wuri. A Maryland da Texas sai yaro ya cika biyar zuwa 1 ga Satumba, a Virginia 30 ga Satumba, a North Carolina 31 ga Agusta, a birnin New York kuwa har 31 ga Disamba. Yaron da aka haifa a Oktoba, shekara guda ce cur tsakanin waɗannan wurare. Mai ɗa a sakandare kuma ya taho da cikakken sakamakon kowane zango daga gida, da fassara idan da Faransanci ne, ya tambayi yadda hukumar ke lissafa darussan da aka yi a waje. Kar a manta katin rigakafi da takardar haihuwa.

Mataki na biyar: salla, azumi da abinci

Ku buɗe kalandar hukumar. Birnin New York ya sa ƙaramar salla da babbar salla cikin ranakun hutun makaranta tun 2015, Fairfax ma ta sa hutun salla daga baya. Inda babu, ku tambaya ko ana ɗaukar fashin ranar a matsayin uzuri. Ku tambayi shugaban makaranta kai tsaye: ina mai azumi zai zauna lokacin cin abincin rana? Akwai wurin da babban yaro zai yi Azahar? Jerin abincin wata yana nuna abin da ke da naman alade? Yadda fuskarsa ta karɓi tambayar zai nuna muku ko ya taɓa jin ta. Ku kuma auna nisan masallaci da Islamiyya daga gidan, domin Asabar da Lahadi ku ne direbobi.

Mataki na shida: kuɗi da shugabanci

Gwamnatin tarayya kusan kashi 10 cikin 100 kawai take bayarwa na kuɗin makarantu. Sauran jiha ce da yanki suke rabawa, kuma kason yanki galibi daga harajin gidaje yake. Rahoton jiha yana nuna abin da ake kashewa a kan kowane ɗalibi. Zaman majalisar hukumar a buɗe yake ga kowa, da yawa ma suna ɗora bidiyonsa a YouTube. Ku kalli biyu na baya-bayan nan, kuna sauraron abu uku: giɓin kasafi, shirin rufe makarantu, da sake shata iyakoki, wanda kan iya ɗauke titinku ya mayar wata makaranta bayan kun tare. Jaridar garin za ta ba ku sauran labari. Wanda zai koma Houston, alal misali, ya kamata ya san cewa a 2023 gwamnatin Texas ta karɓe ragamar hukumar makarantun birnin ta naɗa nata shugabannin.

Mataki na bakwai: ku taka ƙafa ku je

Ku kira ku nemi a zagaya da ku, ranar karatu, ba lokacin hutu ba. Ku je ku biyu idan da hali, domin abin da uwa za ta gani a fuskar yara uba kan wuce shi. Ku kalli yadda ma'aikaciyar ofis ta tarbe ku da ta ji lafazin Turancinku. Ku leƙa aji: yara ne ke aiki ko an bar su da allon kwamfuta? Ku tambaya malamai nawa suka tafi bara, shekara nawa shugaban ya yi a nan, yara nawa ne a aji. Makarantar da ke canza shugaba kowace shekara ba ta da natsuwa. Ku tambayi ƙarfe nawa ake shiga da tashi, ko bas na zuwa titinku, da kuɗin ajiye yaro bayan an tashi, domin mai aikin dare ko direban haya wannan zai fi shafar rayuwarsa ta kullum. Da yamma ku tsaya bakin ƙofa ku gaisa da iyaye biyu ko uku. Ranar Juma'a kuma ku tambaya a masallaci, ku nemi wanda ɗansa ke cikin makarantar yanzu, ba wanda ya ji a bakin wani ba.

Mataki na ƙarshe: lissafi da sa hannu

Unguwar da makarantarta ke da maki 9 hayarta tana da tsada, kuma a ganina ba daidai ba ne uba ya ɗauki aiki biyu, uwa ta ɗauki na dare, don a zauna a can yara su wuni ba mai duba aikin gidansu. Makaranta mai maki 6 da ci gaba mai ƙarfi, da malaman Turanci na kirki, da shugaban da ya zauna, ni ita zan zaɓa. Ku rage jerinku zuwa makarantu biyu ko uku, ku nemi gidaje a cikin iyakarsu kawai. Idan kuna sha'awar makarantun zaɓi na musamman da ake shiga ta ƙuri'a, ku duba ranar rufe neman gurbi tun da wuri, domin yawanci watanni da dama kafin sabuwar shekarar karatu ake rufewa. Farkon zuwa haya ta fi saye, ko da akwai kuɗin. Kafin ku sa hannu, ku aika wa ofishin rajista adireshin ta imel, har da lambar ɗaki idan bene ne, ku nemi su rubuto sunayen makarantun uku. Ku adana amsar tare da takardar haya da takardar kuɗin wuta, domin irin waɗannan za a nema ranar rajista a matsayin shaidar cewa a nan kuke zaune.