Daga Luksor Zuwa Aswan Cikin Kwana Huɗu: Kurakuran Da Na Gaji Da Gani

Da zarar sanyi ya fara shigowa, sai saƙonni su yi ta zuwa mini. Wane zai je Masar, ya ware kwana uku ko huɗu don ya ga kwarin Kogin Nilu tsakanin Luksor da Aswan, ga tsarin da ya yi, in duba masa. Kafin in buɗe na san abin da zan tarar, domin kusan kullum abu ɗaya ne: jerin wurare goma sha biyar, kowanne an ba shi awa guda, kamar kogin da rana za su tsaya jiran mai tafiya. Na gyara wa mutane har na gaji, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya.

Babban kuskure, wanda ni ma ya ci ni, shi ne auna tafiyar da taswira. Mutum ya duba ya ga tsakanin garuruwan biyu kilomita 200 ne da 'yan kai, jirgin ƙasa yana cinye su cikin awa uku ko makamancin haka, sai ya ce ai kusa ne. Daga nan sai kwaɗayi ya shiga. A sa babban haikalin Karnak da ke Luksor, a sa Kwarin Sarakuna inda kaburburan Fir'aunoni suke, a sa haikalan Idfu da Kom Ombo da ke kan hanya, a sa haikalin Fila da ke Aswan, a ƙara da haikalin Abu Simbel, sannan duk a ɗora su a kan jirgin ruwa na 'yan yawon buɗe ido, wanda tafiyarsa ba irin ta mota ba ce ko kaɗan.

Zuwana na farko haka na yi. Na hau jirgin ruwa daga Aswan, na kwana uku, wanda ke bin ruwa zuwa arewa. Na yanki tikitin jirgin sama na komawa Alƙahira da tsakar rana ta huɗu, da lissafin cewa za mu isa Luksor da la'asar ɗin rana ta uku, in ga Karnak, washegari da safe in haye gaɓar yamma ta kogin in ga kaburburan sarakuna, in wuce filin jirgi. A takarda ba shi da aibu. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne Isna, wani gari da ke kudu da Luksor da kimanin kilomita 55. A can akwai madatsa a kan kogin, kuma ruwan da ke gefenta ɗaya ya fi na ɗaya gefen tudu. Dole kowane jirgi ya shiga wani lungu mai ƙofofin ƙarfe, a rufe, a rage ruwa ko a ƙara har ya daidaita da na gaba, sannan a buɗe masa. Jirage kaɗan-kaɗan suke shiga, kuma a lokacin cunkoso layi ne dogo.

Mun isa da rana tsaka muka tarar da jirage jere a gabanmu. Muka tsaya. 'Yan tireda a ƙananan kwale-kwale suka kewaye mu, suna cillo riguna da mayafai a ƙunshe cikin leda har saman jirgi, wanda ya so ya sa kuɗi a ledar ya cilla musu, wanda bai so ba ya mayar. Da farko abin ya ba ni sha'awa. La'asar ta yi, magariba ta yi, muna nan. Ba mu shiga Luksor ba sai da dare ya raba, an daɗe da rufe Karnak. Da safe zaɓi ɗaya ya rage mini, gabas ko yamma, domin jirgin sama ba zai jira ni ba. Na zaɓi yamma. Haka na bar Luksor ban taka Karnak ba, ban ga zauren nan mai ginshiƙai 134 ba, alhali shi ne abin da ya fi jawo ni tun farko. Sai da na sake tara kuɗi na sake komowa kafin in gan shi. Har yau in na tuna raina yana ɓaci, domin ba wanda ya cuce ni. Ni ne na ƙi barin sarari a tsarina.

A wannan tafiyar kuma na cusa Abu Simbel. Wurin yana kudu da Aswan da kusan kilomita 280, awa uku zuwa huɗu a mota ta cikin hamada, haka kuma dawowa. Ƙarfe huɗu na asuba aka tashe mu. Ba na musun girman wurin: gumakan Fir'auna Ramsis na biyu guda huɗu a zaune, da aka sassare dutsen gunduwa-gunduwa tsakanin 1964 da 1968 aka ɗaga shi mita 65 zuwa sama don kada ruwan babbar madatsar Aswan ya shanye shi. Amma awa biyu muka yi a can, muka kwashe kusan bakwai a hanya. Da muka dawo jirgi ya tashi, sai barci ya kwashe ni, na farka muna dab da Kom Ombo. Yankin da kogin ya fi kyau, inda dabino da gonaki suke siririn layi kore sannan yashi ya fara nan take a bayansu, duk ya wuce ina kwance.

To ga abin da nake yi yanzu, kuma na san masu shirya tafiye-tafiye da yawa ba za su yarda da ni ba. In kwana huɗu gare ni, ba na hawa babban jirgin ruwa sam. Kwana biyu nake yi a Luksor, rana ɗaya gabas, rana ɗaya yamma. Rana ta uku in ɗauki mota da direba zuwa Aswan, in tsaya a Idfu da Kom Ombo yadda nake so, ba yadda ƙararrawar jirgi ta so ba. Rana ta huɗu ta Aswan ce: Fila da safe, da yamma kuma in hau faluka, ƙaramin jirgin nan mai filafilai, in zaga tsibiran da ke gaban garin har rana ta faɗi. Awa biyu a faluka, ba ƙarar inji, hannunka yana iya taɓa ruwa, ta fi mini kwana uku a ɗakin da tagarsa ke kallon bangon wani jirgin, domin a masauka jirage gefe da gefe ake ɗaure su. Abu Simbel kuwa sai in ina da rana ta biyar. Taura biyu ba ta taunuwa. Wanda kuma ya ce shi lallai sai jirgin ruwa, to ya bar cikakkiyar rana guda a Luksor bayan saukarsa, kada ya haɗa ta da jirgin sama. Ya kuma sani cewa daga Luksor zuwa Aswan gaba da ruwa ake yi, yawanci kwana huɗu ne, daga Aswan zuwa Luksor kuwa kwana uku.

Kuskure na biyu ya fi na farko muni, domin shi ba kuɗi yake ci ba, lafiya yake taɓawa. Raina rana.

Kowa sai ya ce ai shi ya saba da zafi. Na ji wannan maganar har ta ishe ni. Sabo da zafi a inuwar gida daban, tafiyar ƙafa ta awa uku cikin kwarin farin dutse daban. Kwarin Sarakuna ba shi da itace ko ɗaya. Dutsen yana shan rana yana mayar maka da ita a fuska, sannan ka gangara cikin kabari, wani da matakala masu tsawo, inda iska ba ta motsi kuma numfashin mutane ya cika wurin. Daga Mayu zuwa Satumba zafin Luksor da Aswan yana wuce digiri 40 a kai a kai.

A watan Mayu na kai baffana can. Ya ce mu karya a tsanake tukuna, ni kuma na ji nauyin in matsa masa, sai muka isa wajen ƙarfe goma sha ɗaya, da gorar ruwa ƙarama guda a hannun kowa. Kabari na farko lafiya. A na biyu, muna hawowa, na ga ya dafa bango, gumin da ke zuba masa ya tsaya, leɓɓansa sun bushe. Na ce, "Baffa, mu zauna." Ya ce, "Bar ni, ɗana, jiri ne kawai, yanzu zai wuce." Bai wuce ba. Da ƙyar ni da wani mai gadi muka kai shi rumfa, muna zuba masa ruwa a ka da wuya. Ranar da washegarinta a ɗaki ya yi su, ni kuma ina zaune a gefensa ina tunanin me zan ce wa mutanen gida da abin ya zo da ƙarar kwana.

Don haka in na ga tsarin da aka rubuta "Kwarin Sarakuna, ƙarfe sha biyu", ba na lallashi. Me ya kai ka? Ana buɗe wuraren nan tun ƙarfe shida na safe. Ka yi sallar asuba ka fita, ka hau jirgin fito ka haye, kafin bakwai kana bakin kabari, kafin goma da rabi ka gama ka nemi inuwa. Daga azahar zuwa la'asar ba a yawo, barci ake yi. Haikalin Luksor, wanda masallacin Abul Hajjaj ke zaune a kan wani sashensa, ana barinsa a buɗe har dare kuma ana kunna masa fitilu, to shi ne na bayan magariba. Ruwa kuwa ni babbar gora biyu nake ɗauka wa kowane mutum, kuma ba na jira sai na ji ƙishi. In da dattijo ko yaro a tafiyar, kada kunya ta hana ka cewa a tashi da wuri. Kuma in zaɓi yana hannunka, ka je tsakanin Oktoba da Afrilu. Sai dai ka riƙe rigar sanyi, domin daren Disamba da Janairu a bakin kogi yana da sanyi sosai.

Tunda muna kwarin, bari in faɗi wani abu da ke ba ni takaici. Tikitin shiga na gama-gari kaburbura uku kawai yake ba ka, cikin sama da 60 da aka gano a wurin, kuma ba duka ne a buɗe ba a kowane lokaci. Mutane sai su faɗa uku na farko da suka gani kusa da ƙofa, sannan su biya ƙarin kuɗi su shiga na Tutankamun saboda sunansa. Kabarin nan da Baturen Ingila mai binciken kayan tarihi Howard Carter ya gano a 1922 ƙarami ne ƙwarai. Gawar sarkin tana ciki, amma zinariyar da ta sa ya yi suna an daɗe da kwashe ta zuwa gidan tarihi a can arewa. In ƙarin tikiti ɗaya zan saya, na Ramsis na shida nake saya, saboda rufinsa da aka zane da taurari da tafiyar rana tun daga ƙofa har ƙurya. Ka tambayi waɗanda ke buɗe a ranar, ka zaɓa kafin ka miƙa tikiti a huda.

Haka kuma ana barin Madinat Habu, haikalin Ramsis na uku, a ruga na sarauniya Hatshebsut kawai a ɗauki hoto a koma. Ni a wurina asara ce. A Madinat Habu har yanzu fenti yana nan a ƙarƙashin rufin ƙofofi, shuɗi da ja, kuma sau da yawa ba cunkoso.

Sauran ƙanana ne, amma suna ɓata rana. Wuraren tarihi da yawa sun daina karɓar tsabar kuɗi a tagar tikiti, sai katin banki, to ka tabbata naka yana aiki a waje kafin ka taso. Duk da haka ka riƙe canjin fam ɗin Masar ƙanana, domin mai gadi da mai kwale-kwale da mai ɗaukar kaya duk suna sa ran ɗan hasafi. Haikalin Fila a tsibiri yake, an ɗauke shi daga mazauninsa na asali an mayar da shi tsibirin Agilkiya, ba a zuwa sai da kwale-kwale, kuma tikitin shiga bai haɗa da kuɗin fito ba. Ku gama ciniki a kan tudu, zuwa da dawowa, kafin ka sa ƙafa a ciki. Haka za ka yi da mai keken doki a Idfu. In tafiyarka ta faɗo cikin azumi, ana rage lokutan buɗe wurare, ka bincika. Ranakun 22 ga Fabrairu da 22 ga Oktoba, da hasken rana ke shiga har ƙuryar Abu Simbel, cunkoso ne na gaske, kada ka faɗa cikinsu ba shiri.

Akwai kuma masu cewa ba sa buƙatar ɗan jagora, waya ta ishe su. A Kom Ombo da Idfu zan iya yarda. A Karnak ban yarda ba. An shafe kusan shekara 2,000 ana ƙara gini a kan gini a wurin, sarki bayan sarki, kuma wanda ya shiga shi kaɗai duwatsu kawai zai gani. Ni nakan ɗauki mai jagora na awa biyu, in gaya masa tun farko ba na son a kai ni shagon kowa, in sallame shi, sannan in koma zauren ginshiƙan ni kaɗai in zauna a gindin ɗaya kafin motocin masu yawo su fara sauke mutane.