Yadda Mai Aiki da Yara Zai Kiyaye Iyaka Wajen Taɓa Jikinsu

Duk wanda aka damƙa wa amanar 'ya'yan mutane, ko malamin makaranta ne, ko mai reno, ko mai horar da 'yan wasa, ko ma'aikacin gidan marayu, da wuya ya wuni bai taɓa jikin yaro ba. Wani zai faɗi ya kuje gwiwa, wani zai fashe da kuka da zarar mahaifiyarsa ta juya baya, wani kuma zai ruga kan titi sai an cafko hannunsa. Saboda haka shawarar da wasu ke bayarwa cewa a daina taɓa yara kwata-kwata ba ta aikatuwa, kuma a ganina cutarwa ce ga ƙananansu. Tun a shekarun 1950 Harry Harlow na Jami'ar Wisconsin a Amurka ya nuna cewa jariran birai sun fi manne wa mutum-mutumin uwa da aka lulluɓe da ƙyalle mai laushi, a kan na waya mai ɗauke da kwalbar madara. Haka kuma da aka buɗe gidajen marayun Romaniya bayan 1989, an tarar da yaran da suka tashi a kan gadaje babu mai ɗaukarsu, girman jikinsu da na ƙwaƙwalwarsu duk sun tauye. Abin da ake buƙata shi ne ma'aikaci ya san lokacin taɓawa, da inda hannunsa zai tsaya.

Kafin ka miƙa hannu, ka tambayi kanka buƙatar wa za ka biya. Idan yaron ne ke neman lallashi, ko kariya, ko taimako a kan abin da ya gagare shi, to kana kan hanya. Idan kuwa kai ne kake marmarin rungumarsa saboda ya burge ka, ko don kana cikin damuwa, sai ka janye, domin ba a kawo shi wurinka don ya ɗebe maka kewa ba. Yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ta ɗauki duk wanda bai kai shekara 18 ba a matsayin yaro; sashe na 19 ya wajabta kare shi daga kowane irin cin zarafi yayin da yake hannun iyaye ko wani mai kula da shi, sashe na 12 kuma ya ba shi damar a saurari ra'ayinsa a kan abin da ya shafe shi. Babu abin da ya shafi yaro kamar jikinsa.

Don haka ka saba da neman izini, ko da a kan ƙaramin abu ne. Mai koyar da rubutu zai iya cewa, "Zan riƙe hannunka in nuna maka yadda ake kama fensir, ka yarda?" Mai horarwa kuma ya fara gwada motsin da jikinsa, sai idan hakan bai wadatar ba ya faɗi inda zai dafa da dalilin dafawar. Yara da yawa ba za su iya cewa a'a da baki ba, musamman ga babban da suke jin nauyinsa, don haka ka karanta jikinsu: wanda ya noƙe kafaɗa, ko ya sandare, ko ya kau da fuska, ya riga ya ba ka amsa. Kada ka nuna masa ɓacin rai, kada kuma ka mai da ƙinsa abin tsokana. Yaron da ya ga ana mutunta ƙinsa a wurinka shi ne zai gane cewa akwai matsala ranar da wani ya ƙi mutuntawa.

Wuraren da suka fi aminci su ne hannu, da kafaɗa, da saman baya, kuma taɓawar ta kasance gajeriya. Duk inda kamfai yake rufewa, da ƙirji, da cinyoyi da baki, hannunka ba shi da hurumi a can sai da larurar tsafta ko jinya. Idan yaro ya rugo ya rungume ka, kada ka ture shi; ka karɓe shi ta gefe, ka dafa kafaɗarsa, sannan ka sake shi tun kafin ya fara neman zamewa. Ɗan shekara biyu mai kuka ana iya ɗaukarsa, amma ɗan shekara takwas ya fi dacewa ya zauna kusa da kai maimakon a kan cinyarka, matasa kuwa magana da musabaha sun ishe su. Ka bar cakulkuli, da wasan kokawa, da sumba, da tausa. Cakulkuli musamman yana da ruɗi, domin yaro yana dariya ko da ba ya so, kuma hannu yana saurin zarcewa inda bai kamata ba.

Sai kuma batun idon jama'a, wanda nake ganin ya fi kowane muhimmanci. Duk abin da za ka yi da yaro, ka yi shi inda wani babba zai iya gani kuma ya iya shigowa ba tare da sallama ba. Idan dole ne ku keɓe, a bar ƙofa a buɗe ko a zaɓi ɗaki mai tagar gilashi, sannan abokin aikinka ya san inda kuke da tsawon lokacin da za ku ɗauka. Kada ka ɗauki yaro shi kaɗai a motarka, kada ka kai shi gidanka, kada ku kwana ɗaki ɗaya a lokacin tafiya. Amma zaman wani a ɗakin kaɗai bai isa ba. Larry Nassar, likitan tawagar 'yan wasan motsa jiki ta Amurka, wanda kotu a jihar Michigan ta yanke wa ɗaurin shekara 40 zuwa 175 a watan Janairun 2018 bayan mata fiye da 150 sun yi bayani a gabanta, ya yi lalata da wasu 'yan matan da sunan magani alhali iyayensu suna cikin ɗakin, yana kare ganinsu da jikinsa. Muƙaminsa ne ya hana a tambaye shi. Mai sa ido dole ne ya san abin da ake yi da dalilinsa, kuma ya sami damar cewa a dakata.

Kai yaro banɗaki, da yi masa tsarki, da sauya masa kunzugu ko tufafi, aiki ne da ba makawa a wurin masu reno da masu kula da yara masu buƙata ta musamman. A nan ana haɗa sutura da sa ido: a kare yaron daga idon sauran yara, amma ma'aikaci ya sanar da abokin aikinsa, kada kuma ya kulle ƙofa. Ka bar yaron ya yi duk abin da zai iya da kansa, ka sa safar hannu, ka riƙa faɗa masa abin da za ka yi kafin ka yi. A rubuta tsarin tare da iyaye tun farko, har da sunayen waɗanda aka amince su yi wannan hidima.

Riƙe yaro da ƙarfi ba ya halatta sai don hana shi jin rauni ko raunata wani, da mafi ƙarancin ƙarfi, na ɗan lokaci. Kada a danne shi rub da ciki, kada a matse wuyansa ko ƙirjinsa, domin numfashi na iya yankewa, jariri kuwa ba a girgiza shi ko kaɗan saboda hakan na iya zubar da jini a ƙwaƙwalwarsa. Duka da murɗe kunne ba sa cikin aikin, kuma tun daga Suwidin a 1979 ƙasashe da dama sun haramta dukan yara ko'ina.

Wasu ma'aikata nagari suna jin zafin waɗannan ƙa'idoji, suna ganin kamar zarginsu ake yi. Na fahimci hakan, amma mafi yawan masu lalata da yara mutane ne da yaran suka sani kuma iyaye suka yarda da su, kuma sannu a hankali suke tafiya: kyauta ta musamman yau, saƙon waya a ɓoye gobe, sai taɓawar da za a ce wasa ce, sai a ce wa yaro "wannan sirrinmu ne". Idan kowa yana bin ƙa'ida ɗaya, har da shugaba, mai wannan tafiya yana fita fili tun a matakin farko. Saboda haka kada ka fifita yaro ɗaya, kada ka yi hira da shi a keɓe ta waya ko intanet, kada ka ajiye hotonsa a wayarka. Idan ka ga abokin aiki ya ƙetare iyaka, ka faɗa masa, ka kuma sanar da jami'in da aka ɗora wa alhakin kare yara a wurin. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Idan hannunka ne ya kai inda bai dace ba bisa kuskure, ka ba yaron haƙuri nan take, ka kai rahoton kanka a ranar.

Wata rana yaro zai iya zaɓarka ya ce, "Malam, akwai abin da wani yake yi mini." Ka natsu ka saurare shi, kada ka yi masa alkawarin rufe maganar, kada ka sa masa kalma a baki, kada kuma ka buɗe jikinsa don neman shaida. Ka ce masa ya yi daidai da ya faɗa, kuma laifin ba nasa ba ne. Daga nan ka rubuta abin da ya faɗa da kalmominsa, tare da kwanan wata da lokaci, ka miƙa wa jami'in kare yara ko hukumar da doka ta ɗora wa wannan aiki ba tare da jinkiri ba, kuma kada ka tunkari wanda ake zargin da kanka.